Ƙudan zuma bai san da lissafinka ba

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka ta ce har ka rame, wai lissafin da kake yi a kwamfuta kan fiffiken ƙwaro ya ƙi yin daidai da abin da kyamara ta ɗauko, kana ma tunanin sauya binciken. Kada ka yi garaje.

Ba kai ne farau ba. A 1934 wani masani Bafaranshe, Antoine Magnan, ya auna ƙwari da ma'aunin jirgin sama, lissafi ya ce masa bai kamata su iya tashi ba. Ƙudan zuma kuwa yana ta shawaginsa, yana kaɗa fiffike wajen sau 230 a daƙiƙa ɗaya. Fiffiken jirgi a sandare yake, iska ce ke wuce shi. Na ƙwaro shi ke tura iska, ya murɗa ta, ita ma ta dawo ta tura shi. Wanda ya lissafa ɗaya ya bar ɗaya, ya yi aikin baban giwa.

Sai a 1996 Charles Ellington da abokan aikinsa a jami'ar Kambirij ta Ingila suka busa hayaƙi kan wani babban malam-buɗe-littafi mai yawon dare. Suka ga ƴar ƙaramar guguwa maƙale a gefen gaba na fiffiken, tana tsotsar sa sama duk lokacin da ya kaɗo shi ƙasa. Shekara 62 ana jayayya, hayaƙi ya raba gardama.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na kifi. A 2006 masu bincike a Amurka suka ɗaure mataccen kifi da zare a bayan wani turke cikin ruwa mai gudu. Turken na sakin ruwa mai juyawa, dama da hagu bi da bi, jikin kifin na lanƙwasa da shi, sai ga gawa tana matsawa gaba, tana haura ruwa. Matacce fa!

To, ni dai zargina, a kwamfutarka ka mayar da fiffiken kamar katako, alhali na gaske yana lanƙwasa. Kafin ka taɓa lissafin nan kuma, koma ɗakin gwaji, ka rage gudun bidiyon, ka zuba wa bakin fiffiken ido daidai lokacin da yake juyawa. Kuma ka nuna wa malaminka inda abin ya saɓa, kada ka ɓoye don kunya.

In ka ɗauki hoton hayaƙin, turo mini. Ka riƙa barci.

Mahaifinka