Saƙo Ga 'Yan Ƙungiya Mazauna Ƙasashen Waje: Batun Ɗakin Kwamfuta

Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na Saudiyya, Ingila, Amurka, Ghana da sauran wurare.

Ranar Litinin shugaban ƙaramar hukuma ya kira wakilinmu na gida ya shaida masa cewa an amince da sayen kwamfutoci da gyaran aji ɗaya a sakandaren gwamnati ta garinmu. Sharaɗin yana nan yadda muka yi da su bara: mu za mu sa sola da batura, mu kuma ɗauki alawus ɗin malamin kwamfuta na shekara guda. Ya ce in ba su ga namu ba kafin a rufe kasafin bana, kuɗin zai koma wani aiki. Abin da ke asusunmu yau ko rabin kuɗin sola bai kai ba.

Ya kamata kowa ya san nauyin wannan dama. A tsarin mulkin 1999, abin da aka ɗora wa ƙaramar hukuma a fannin ilimi shi ne firamare, ilimin manya da koyon sana'a. Sakandare tana hannun gwamnatin jiha. Ke nan ba wanda zai kama shugaban da laifi in ya janye. Ya samu ƙwarin gwiwa ne bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye maimakon asusun haɗin gwiwa da jihohi, kuma kun san yadda ake jan ƙafa wajen aiwatar da shi. Kuɗin da aka samu yau ba lallai a same shi baɗi ba.

Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. WAEC ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa a kashin kansu, kuma gwamnatin tarayya ta bayyana niyyar mayar da ita da NECO kan kwamfuta. 'Ya'yanmu kuwa a allo da alli ake koya musu darasin kwamfuta. Yaro mai ƙoƙari ya shiga mota da asuba zuwa cibiyar jarrabawa a birni, ranar ce zai fara ɗora hannu a kan na'urar, lokaci yana tafiya yana neman inda zai danna. In sakamako ya fito sai a ce yaranmu ba sa karatu.

Abin da ya fi yi mana ciwo ba rashin kuɗin ba ne. Mun san akwai waɗanda ke cikin matsi, masu matsalar iƙama da waɗanda suka rasa aiki, kuma sun yi mana bayani, Allah ya buɗa musu. Maganarmu da waɗanda suka fi shekara ba su biya kuɗin wata ba, amma su ne kan gaba a zauren WhatsApp wajen cewa shugabanni sun haɗa baki da 'yan siyasa. Har an tura saƙon murya gida, ya kai kunnen mai girma Hakimi, ana cewa an cinye kuɗin rijiyar burtsatse. Rijiyar nan mutane na shan ruwanta. Rasitanta suna wajen Ma'aji, mun sha cewa duk mai so ya duba, ba wanda ya nema. Dattijon da ya kafa wannan ƙungiya ya kira mu yana tambaya ko abin da ya bari ke nan. Ba za mu kama suna ba, a bar kaza cikin gashinta, amma wallahi an ɓata mana, kuma mun bar wa Allah. Mai ƙorafi ya kawo shi taro a gaban kowa. A wannan makaranta da yawanmu muka yi karatu, har da masu maganar.

Sauran batutuwa: muna miƙa ta'aziyya ga Sakatare bisa rasuwar mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta da rahama. Zaɓen reshen Jidda an ɗage shi. Kwamitin mata ya kammala rabon littattafai.

Taron Zoom ranar Lahadi, ƙarfe 8 na dare agogon Najeriya. Masu bashin kuɗin wata su tura kafin ranar, Ma'aji zai karanta sunayen waɗanda suka biya.

Wassalam,
Shugaba, a madadin kwamitin zartarwa