Tsuntsun nan fa ɗan'uwan jimina ne, ba na makwarwa ba

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a.

Na ga ɗan rubutun da kuka buga kan tsuntsun tinamu na kan duwatsu inda kuka kira shi makwarwar Kudancin Amurka, to gaskiya nan ne na ce sai na ɗan tofa albarkacin bakina. A ido kam haka yake, gajere ne mai ƙiba, ruwan ƙasa-ƙasa, tsawonsa kusan santimita 38 ko 40 ne, kullum yana ƙasa yana tsince-tsincen 'ya'yan itace da ƙwari. Amma fa a wajen masana danginsa su ne jimina da sauran manyan tsuntsayen da ba sa tashi, shi dai Allah ya bar masa ɗan tashi kaɗan, in aka firgita shi ya yi fir ya sake faɗawa cikin duhuwa.

Sunansa na kimiyya Nothocercus bonapartei, wani Bature George Gray ne ya fara bayyana shi a 1867, kuma ya kasu gida 5. Yana zaune a dazuzzukan kan tudu masu hazo da danshi daga Kosta Rika da yammacin Fanama har Kolombiya, Benezuwela, Ekwado da arewacin Peru.

Abin da ya fi ba ni dariya, namijin ne ke kwanci. Mata fiye da ɗaya su zo su zuba masa ƙwai masu shuɗi-shuɗi da sheƙi a gindin bishiya su kama gabansu, shi bawan Allah ya zauna ya ƙyanƙyashe ya yi renon 'yan tsaki.

Sai maganar da kuka yi wai babu wata barazana gare shi. E, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a rukunin waɗanda ba a cika fargabar ƙarewarsu ba, saboda yankin da yake ciki da faɗi, amma wannan ba yana nufin ana zaune lafiya ba ne, yawansa raguwa yake yi domin ana ta sare dajin ana mai da shi gonaki da wuraren kiwo, ga kuma mafarauta, tsuntsun da ba ya iya doguwar tashi in an share dajinsa ina za shi?

Don Allah a gyara a fitowa ta gaba. Na gode.

Naku mai karatu kullum, daga Zariya