Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministar Al'adu Kan Hoton Tutar Da Ɗalibina Ya Goge

Zuwa ga Hajiya Hannatu Musa Musawa, Ministar Fasaha da Al'adu, Abuja.

Assalamu alaikum. Ranki ya daɗe,

Ni malamin zane ne, ina koya wa matasa zane da kwamfuta a wani ɗan shago a Zariya. Abin da ya sa na rubuto miki shi ne wani hoto da ɗalibina ya yi, ya saka a Facebook da daddare, kafin azahar ya goge shi don tsoro.

Tutarmu ta Najeriya ya zana. Koren hagu ya bar shi shar, in kika ƙura ido har ganyen dawa za ki gani a ciki. Na dama kuwa ya fara ƙonewa daga sama, yana rikiɗewa zuwa launin rairayi, kamar gonar da ruwa ya ɗauke mata ana tsakiyar damina. Farin tsakiya ya yage gida biyu, aka ɗinke shi da zare da allura, irin ɗinkin da uwa ke yi wa rigar makarantar ɗanta. A kan ɗinkin ya ɗora jar rana mai haskoki.

Yaron ɗan jiharki ne, daga wani ƙauye a yammacin Katsina. Damina uku ke nan mahaifinsa bai taka gonarsa ba saboda 'yan bindiga. A firamare an koya masa cewa kore yana nufin noma da albarkar ƙasa, fari kuma zaman lafiya. Ya ɗauki maganar da gaske, shi ya sa ya zana abin da ya sami koren da farin a garinsu. Ni abin da ya fi taɓa ni ɗinkin nan ne. Wanda ya fid da rai da riga ba ya zama ya ɗinke ta.

Amma sai aka yi masa ca. Wasu suka ce ya wulaƙanta ƙasa, za a kama shi. Wasu suka ce jar ranar nan tambarin 'yan a-waren Biyafara ce. Ranki ya daɗe, ranar nan tamu ce tun asali. Michael Taiwo Akinkunmi, wanda ya zana tutar yana ɗalibi a Landan, da jar rana a tsakiyar farin ya aika zanensa gasar zana tutar ƙasa. Masu tantancewa ne suka cire ta lokacin da aka zaɓi zanen a 1959, aka ba shi fam 100, aka ɗaga tutar ranar 1 ga Oktoba, 1960. Maƙwabtanmu na Nijar ma da rana a tsakiyar tasu tutar har gobe. Ɗalibina ya karanta wannan tarihin kafin ya fara aiki. Masu zaginsa ba su taɓa jin sa ba, kuma ba laifinsu kaɗai ba ne. Shi kansa dattijo Akinkunmi ya rasu a 2023, sai da aka shekara kafin a binne shi ana jiran gwamnati ta shirya jana'izarsa.

Tsoron yaron yana da dalili. Ya ga abin da ya biyo bayan zanga-zangar watan Agustan 2024, lokacin da aka kama teloli a Kano kan ɗinka tutar Rasha, aka gurfanar da ƙananan yara a kotu a Abuja har wasu suka yanke jiki suka faɗi, kafin Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Ban goyi bayan ɗaga tutar wata ƙasa a titunanmu ba, ko kaɗan. Sai dai tun daga lokacin, matashin Arewa in ya ji kalmar tuta, ofishin 'yan sanda yake fara tunowa.

Na san akwai dokar tuta da tambarin ƙasa, kuma ina girmama ta. Roƙona shi ne ofishinki da Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa ku fito ku bayyana, da Hausa da sauran harsunanmu, inda dokar ta tsaya: me ya shafi tutar da ake ɗagawa a ma'aikata da makaranta, me kuma mai zane yake da ikon yi a hotonsa. Yanzu kowa da fatawarsa, kuma mai tsoratarwa ake saurara.

Sannan Gidan Adana Zane-zane na Ƙasa yana ƙarƙashinki. Ki buɗe baje koli dab da bikin 'yancin kai, a gayyaci masu zane da kwamfuta daga kowace jiha su nuna yadda suke ganin tutar. A rataye zanen Akinkunmi na farko, da ranarsa, a bakin ƙofa. Kada a ce sai hoton yabo za a karɓa.

Hoton ɗalibina yana nan a kwamfutar shago, na hana shi taɓawa. Ranar da aka ce a turo, shi zan fara aikowa, in ya yarda a rubuta sunansa a ƙasa.

Wassalam,
Malamin zane, Zariya.