Sanarwa: Zaman Kallo Kafin Sabon Fim Ɗin Miyazaki Ya Iso

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Kun dai ji labari: sabon fim ɗin Hayao Miyazaki, mai shirya fina-finan katun ɗan ƙasar Japan, wato The Boy and the Heron, ya fito a Japan ranar 14 ga Yuli 2023. Kafin fitowarsa, kamfanin da ya shirya shi, Studio Ghibli, bai saki ko gutsuren talla ba, fosta ɗaya tak suka fitar, mai zanen tsuntsu. A lokacin, shekara goma rabon dattijon da dogon fim, tun 2013.

Kafin ya iso gare mu, za mu waiwayi tsofaffin. Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a inda muka saba, mu fara da Spirited Away na 2001, wanda ya ci kyautar Oscar a 2003. Mako mai zuwa sai Totoro na 1988. Wannan kowa ya zo da ƙannensa. Masu neman Grave of the Fireflies ku yi haƙuri tukuna. Labarin wasu marayu biyu ne a birnin Kobe na Japan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, ni kaina sai da na share hawaye, ba na yara ba ne.

Kowa ya turo naira 500 na man janareta kafin daren Juma'a. Wancan karon ana tsakiyar kallo aka ɗauke wuta, muka zauna zugum muna fifita da kwali.

Wanda ya riga mu ganin sabon kuma, don Allah ya kama bakinsa a rukunin nan.

Allah ya kai mu Asabar lafiya.
Naku, mai kula da rukuni.