Amsa ga Alhajin da Ya Tambaye Ni Inda Kuɗin Ƙofar Lambu Suke Shiga

Assalamu alaikum, Alhaji.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, na rubuto ne domin in amsa kiran da ka yi a shirin rediyo na ranar Lahadin da ta gabata, lokacin da aka buɗe layi ga masu sauraro. Ka ce kana so shugaban kwamitin kula da lambun shaƙatawa na garinmu ya fito ya gaya wa jama'a inda kuɗin da ake karɓa a ƙofa suke shiga, da dalilin da ya sa ake ɓatar da dukiya a kan ciyawa da lilo alhali mutane na fama da tsadar abinci, da kuma ko ya san cewa wurin ya zama matattarar 'yan shaye-shaye. Sannan ka rufe maganarka da cewa biri ya yi kama da mutum. Ban ji shirin a lokacin da aka yi shi ba, ina wurin ta'aziyya. Jikana ne ya kunna mini shi a waya da dare, yana kallon fuskata yana jiran abin da zan ce, kuma wannan kallon ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Zan fara da maganar kuɗi, domin ita ce ta fi yi mini ciwo, kuma ka san abin da karin maganar da ka kawo take nufi a kunnen duk Bahaushen da ya ji ta. Na yi shekara 35 ina koyarwa a garin nan, na riƙe kuɗin jarrabawa da na ƙungiyar iyaye da malamai a makarantu daban-daban, kuma har na ajiye aiki ba a taɓa kirana a tambaye ni sisin kwabo ba. 'Ya'yanka biyu sun zauna a ajina, ka kuma taɓa zuwa har gida ka yi mini godiya a kan ɗaya daga cikinsu. Ka san ƙofar gidana, ka san sahun da nake tsayawa a masallacin Juma'a. Da tambaya kake so ka yi domin ka sani, da ka same ni a ɗaya daga cikin wuraren nan kafin ka kai ni gaban dubban masu sauraro.

Ga yadda abin yake. Yara ba sa biyan komai a ƙofa, haka tsofaffi da masu lalura ta musamman. Manya ne ke biyan ɗan abin da kwamiti ya yanka a gaban wakilan masu unguwanni, kuma kowa yana karɓar rasit mai lamba. Da magariba maigadi yana miƙa kuɗin da ragowar rasit ga ma'aji, a ƙirga a rubuta a littafi, washegari a kai banki. Ba ni da sa hannu a asusun. Ma'aji da wakilin hakimi ne ke sa hannu tare, kuma ni na nemi a tsara haka tun ranar da aka ɗora mini wannan nauyi. Duk bayan wata uku ana karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a taron da ake sanarwa a masallatai, taron da ban taɓa ganinka a cikinsa ba.

Inda kuɗin ke tafiya kuwa, mafi yawansu ruwa ne ke cinye su, kuma wannan shi ne abin da wanda bai taɓa renon itace a ƙasar nan ba yake kasa fahimta. Dasa itace a watan Yuli, lokacin da ƙasa ta sha ruwa, aikin yini ɗaya ne. Wahalar tana farawa daga Oktoba, idan damina ta ɗauke, ta ci gaba har zuwa Mayu, kuma dashe yana bukatar ban-ruwa a rani biyu na farko kafin saiwarsa ta yi nisan da zai riƙe kansa. Darbejiya tana da juriya, shi ya sa muka jera ta a bakin katanga, amma maɗaci da mangwaro da tsamiyar da muka sa a tsakiya domin inuwa mai kauri ba sa yafe sakaci na mako biyu a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kowane dashe sai an yi masa keji saboda awaki, sai an riƙa duba gindinsa saboda gara, kuma idan iskar bazara ta karya reshe sai an sare shi kafin ya faɗa wa yaro. Rijiyar burtsatsen da muke da ita da janareta take aiki. Kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000 a wurare da yawa, mu kuma ba mu ƙara ko kwabo a kuɗin ƙofa ba saboda mun san halin da mutane ke ciki. Abin da ya rage bayan mai shi ake raba wa masu gadi da masu shara a matsayin ɗan alawus, a biya mai walda idan sarƙar lilo ta tsinke, a sayi ƙwallo da raga da farar ƙasar zana fili. Akwai watannin da 'yan kwamiti ke haɗa kuɗi daga aljihunsu domin kada maigadi ya koma gida hannu rabbana, kuma sunayensu da abin da kowa ya bayar suna cikin littafin.

Ya kamata kuma ka sani cewa wannan aiki ba namu ba ne a doka. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da tituna da fitilun titi da magudanan ruwa. Mu mutanen gari ne da muka ga wuri yana mutuwa, ya zama juji da makewayin masu wucewa, muka nemi izini muka shiga. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, muke ta rubuta takarda muna roƙon a sa mana famfo mai amfani da hasken rana, wanda shi kaɗai zai rage mana mafi girman abin da muke kashewa. Da ka yi amfani da mintunan da ka samu a rediyo ka taya mu wannan roƙo, da yau wasiƙar godiya nake rubuta maka.

Game da yunwa, ba ni da abin da zan ce illa gaskiya ka faɗa, ana cikin matsi, kuma ni ɗan fansho ne, ba labari ake ba ni ba. Amma babu kwanon masara ko ɗaya da aka hana wani domin a shayar da itace. Ka tambayi matan da ke soya awara da ƙosai a bakin ƙofa da yamma, da masu rake da zoɓo da gyaɗa, ko rufe lambun zai ƙara musu abinci a gida.

Maganar shaye-shaye ita ce nake so ka saurara da kyau, domin a nan ka juya al'amarin baibai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a Nijeriya cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Wannan bala'i ne da ya shiga kowace unguwa, bai jira an dasa itace ba. Kafin mu karɓi wurin, kwalaben da muka kwashe daga kusurwar arewa sun cika buhuna. Ba zan ce yau babu mai laɓewa a can bayan duhu ya yi ba, domin fitilunmu ba su kai wannan kusurwa ba, kamar yadda ban-ɗakin maza yake bukatar gyara tun bara. Sai dai abin da na gani da idona shi ne, yaron da aka sa sunansa a jerin 'yan wasan unguwarsu, wanda ya san cewa idan mai horarwa ya ji wari a bakinsa zai zauna a benci ranar Asabar unguwa duka tana kallo, yana da dalilin kame kansa wanda wa'azi kaɗai bai ba shi ba.

Shi ya sa muke yin gasar ƙwallo tsakanin unguwanni a lokacin hutun makaranta, muke yin langa da kokawa bayan kaka, muka keɓe yini guda a mako ga mata da ƙananan yara, ba a barin namiji baligi ya shiga sai ma'aikaci, muka kuma bar rumfar gabas ga dattawa masu dara da malaman da ke yi wa yara bitar karatu kafin musabaƙa. In ban da ƙwallo, babu ɗaya daga cikin waɗannan da muka aro daga Turai. Ni da kai a dandali muka tashi, 'yan mata na gaɗa a gefe, samari na kokawa a gefe, sarkin samari na tsawatarwa, tsofaffi na zaune a bakin zaure suna ganin ɗan kowa. Dandalin unguwarku yanzu gidaje ne, na unguwarmu gareji ne, yaran kuwa sun ninka mu yawa, mafi yawansu a gidajen haya masu ɗaki ɗaya da tsakar gidan da ba ta isa shanya ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun gane darajar wannan tun da wuri: tun 1975 suke gasar kokawa ta ƙasa wadda zakara ke ɗaukar takobi, jihohinsu na karɓar baƙuncinta bi da bi, kowace da filin kokawarta, kuma ba don sun fi mu wadata ba.

Yanzu zan faɗi abin da na daɗe ina haɗiyewa. Kai ne ka jagoranci mutanen da suka zo wurin kwamiti bara da shawarar a rushe katangar da ke fuskantar titi a jera shaguna, a riƙa ba lambu wani kaso na kuɗin haya. Mun saurare ku cikin mutunci, muka ƙi, muka kuma rubuta muku dalilinmu: layin darbejiyar da ke bakin katangar zai tafi, magudanar da ke kwashe ruwan filin ƙwallo za ta toshe, kuma ba mu taɓa ganin inda aka fara shago a gefen filin jama'a aka tsaya a layi ɗaya ba. Ba ka faɗa wa masu sauraro wannan ba lokacin da kake tambayar inda kuɗi ke shiga. Ba na cewa na san abin da ke zuciyarka, Allah kaɗai ya sani, amma jama'a na da haƙƙin su san cewa mai tambayar yana da buƙata a wurin da yake cewa ya lalace, domin hanya mafi sauƙi ta samun fili ita ce a fara shawo kan mutane cewa filin ba shi da amfani.

Wannan ciwo ya wuce garinmu. Duk wanda ya yi shekara 30 yana zirga-zirga a biranen Arewa ya ga yadda filayen makarantu suka tsuke, yadda aka cike kududdufan da ke shanye ruwan sama aka yi gini a kansu, sannan a watan Agusta ruwan ya rasa wurin zuwa ya shiga ɗakunan talakawa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin jama'a, amma a aikace fili da babu gini a kansa ana yi masa kallon wanda ba shi da mai shi. Marigayi Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya keɓe makeken fili ya kafa gidan zu lokacin da wurin yake bayan gari, kuma yau da birni ya kewaye shi, iyalai daga jihohi da yawa can suke kai yara yawon Sallah. A birnin Alƙahira, inda cunkoso ya fi namu nesa ba kusa ba, tudun da aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba masa shara da ɓaraguzai aka mayar da shi lambun Al-Azhar, aka buɗe shi a 2005. Su suna mayar da juji lambu, mu kuma ana neman mu da mu mayar da ɗan lambun da muka ceto daga juji zuwa layin shaguna. Shago ana iya gina shi cikin wata biyu a ko'ina a garin nan, amma tsamiyar da muka dasa sai jikokinmu ne za su zauna a cikakkiyar inuwarta, kuma da hadisin da ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga abin da Musulmi ya dasa sadaka ne a gare shi muke ƙarfafa wa juna gwiwa idan aikin ya yi nauyi.

Ina gayyatarka ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a rumfar gabas. Ma'aji zai kawo littafin da rasitai da takardun banki tun daga ranar da muka fara, ka zo da duk wanda ka amince da shi ya iya lissafi, ku duba shafi-shafi, ba wanda zai gaggauta ku. Idan kuka sami kwabo ɗaya da ya ɓace ta hannuna, zan sauka a ranar in kuma biya. Idan ba ku samu ba, ina roƙonka ka sake kiran wannan shiri da ka kira, ka faɗi abin da ka gani da irin muryar da ka yi tambayar da ita, domin jikana da sauran waɗanda suka ji ta farko su ji ta biyu.

Wassalam.

Naka,
Shugaban kwamitin kula da lambun shaƙatawa na garinmu