Zuwa ga Bala, a kan maganar marayan nan

Assalamu alaikum Alhaji Bala. Ya iyali, ya sanyin Agadas? Shirunka ya yi yawa. A bakin Ɗanlami na ji wai Yaya Ladi na so ta ɗauko marayan nan ɗan wata goma sha takwas, kai kuma ka ce a bari sai ya yi wayo. Haba Bala! Ai wayon yanzu ake gina shi.

Ƙwaƙwalwa ba jijiyoyi ne kaɗai a cikinta ba, akwai ƙwayoyin da ke yi musu hidima, ana ce musu giliya. Wasu aikinsu naɗe jijiya da wani kitse mai suna mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, don saƙo ya wuce da sauri. Wasu kuma, maikurogiliya, su ke datse mahaɗan jijiyoyin da suka yi yawa. Yaro ya daɗe cikin fargaba ba mai rarrashinsa, duk aikin nan sai ya karkace.

A 2012 masu bincike a Boston ta Amurka sun ware 'ya'yan ɓeraye, kowanne shi kaɗai, na mako 2 daga yaye. Mayelin na gaban ƙwaƙwalwarsu ya fito siriri, riƙe abu a ka ya yi musu wuya, kuma ko da aka mayar da su cikin 'yan'uwansu bai gyaru ba. Na san za ka ce ɓera ba mutum ba ne, gardamammen banza. To ga mutane: a Bukares ta Romaniya, daga 2000, an bi yara 136 na gidajen marayu, rabi aka ba su iyayen riƙo. Waɗanda aka ɗauke kafin wata 24 su suka fi samun kaifin basira. Yaronku saura masa wata shida.

Ka gaya wa Yaya mai reno ɗaya za a tsayar masa, ba yau wannan gobe waccan ba. In ya yi kuka a ɗauke shi, a riƙa yi masa hira, lokacin barci da na abinci kada ya riƙa sauyawa. A kai shi a auna jininsa, don masu yin mayelin ba sa aiki sai da sinadarin ƙarfe. Hanta, ƙwai da wake su yawaita a kwanonsa.

Af, Ɗanlami ya sake sayen wata akwalar, har Liman ya ce ba zai ƙara yi mata addu'a ba. Kilishina kuma yana nan a wuyanka.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Sani