A duba rayuwar masu gadin daji

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a bani ɗan fili in yi magana kan masu gadin gandun daji, mutanen da ke mutuwa a bakin aiki ba wanda yake jin labarinsu. A gandun Zakouma na ƙasar Chadi, a 2002 giwaye sun haura 4,000 amma kafin 2010 saura wajen 450, mafarauta ne ke tahowa kan dawakai daga ɓangaren Darfur da bindigogin yaƙi suna karkashe su saboda haure. A 2010 gwamnatin Chadi ta damƙa gandun ma ƙungiyar African Parks mai kula da gandayen daji a Afirka, aka horar da masu gadi aka basu makamai da rediyo, aka saka na'ura a wuyan wasu giwaye ana bin sawunsu, sannan aka jawo mutanen ƙauyuka su ma suna kai rahoto in sun ga baƙin fuska. Yanzu giwayen suna haihuwa, sun wuce 500.

Amma fa ba a banza aka samu ba, a 2012 a Heban, wani sansanin masu gadi a wajen gandun, mafarauta sun faɗa ma masu gadi shida da asuba suna sallah, suka hallaka su. Wallahi abin nan har yau yana taɓa min zuciya.

To mu fa? Dajin Kamuku a Birnin Gwari 'yan bindiga sun daɗe da mayar da shi gida, gandun dajin Kainji ma ba lafiya. Ya za'a tura mutum ya tsare daji da tsohuwar bindiga alhali ɓarayi na yawo da AK-47? Gwamnati ta basu horo da kayan aiki da albashi kan lokaci, wanda ya rasu kuma a kula da iyalinsa.

Nagode,
Mai karatunku daga Kaduna